Mutumin Baba na Ƙasar Sin

Mahaifina bai taɓa wuce Kaduna ba, amma yana da amini a ƙasar Sin. Aminin bai san da zamansa a duniya ba, wannan kuwa bai taɓa damun Baba ba. Mutumin shi ne shugaban jam'iyyar 'yan gurguzu ta can, kuma shugaban ƙasar baki ɗaya a wancan lokacin. Sunansa ya ƙi zama a bakin mutanen Toranke, kowa ya faɗa sai ya fito kamar atishawa, don haka aka hutar da kai ana ce masa mutumin Malam. Mu 'ya'yan gidan kuwa mu ce mutumin Baba.

A rediyo suka haɗu. Baba manomi ne na gero da dawa da gyaɗa, kuma shi ne shugaban jam'iyya na mazaɓarmu. In ya dawo daga gona ya yi wanka, sai ya zauna a zaure ya kamo tashar nan ta ƙasar Sin mai magana da Hausa. Ina sabon malamin firamare a Gaya ya sa ni na rubuta musu wasiƙa ta gaisuwa. Bayan wata huɗu sai ga kalanda da mujalla. A cikin mujallar akwai hoton mutumin, da baƙar kwat da tabarau, gashi baƙi wuluk, fuska ba fara'a ba fushi. Baba ya yanke hoton da almakashin Inna ya liƙa a bangon zaure.

Duk baƙon da ya zauna sai ya sha tarihi. Wai injiniyan ruwa ne tun asali, madatsun ruwa ya fara ginawa. Aka yi ta tura shi yankunan duwatsu da talauci inda kowa ke gudu, bai taɓa cewa uffan ba, har manya suka hango shi suka yi ta ɗaga shi a hankali. Abin da ya fi kama zuciyar Baba shi ne a zamaninsa aka cire wa manoma harajin gona. In ya zo nan sai ya dakata, ya dubi baƙon, ya maimaita: "Harajin gona fa na ce. Cire shi ya yi."

Mutum ɗaya ne ba ya ɗaga masa ƙafa, taubashinsa, ɗan gwaggonsa, tsohon malamin gona da ke zaune a Ajingi. Baffa muke ce masa. Shi da Baba ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"Kai da kake bin gida-gida kana roƙon ƙuri'a," in ji Baffa, "kana yabon ƙasar da ba a kaɗa ƙuri'a? Da a can kake, da wannan bakin naka, da tuni muna kai maka fura gidan yari."

Ni ma rannan na sa baki. Na ce na karanta cewa ya taɓa murƙushe masu bore da ƙarfin soja a wani yankin duwatsu, kuma a shekarunsa cin hanci ya yi kitse a cikin jam'iyyarsu yana kallo.

Baba ya dube ni sama da ƙasa. "Mutum ya riƙe jama'a sama da biliyan. Kai aji ɗaya aka ba ka, shi ma sai da bulala."

Daga nan ya fara kwaikwayo. Baba mutum ne mai dariya har da buga cinya, amma ya yanke cewa shugaba na gaske ba ya nuna haƙora. Ya kwana uku yana yawo da fuska a ɗaure. A rana ta huɗu Inna ta daka kanumfari ta kawo masa a ƙullin leda.

"Malam, sa wannan a wajen. In bai lafa ba sai a tafi asibitin Gaya a cire."

Da ya gane haƙori take zato, dariya ta kubce masa, wannan darasin ya rushe. Amma rinin gemu, da ya fara don ya yi baƙi wuluk kamar gashin mutuminsa, ya ɗore. Ni nake sayo masa maganin daga Gaya, a ɓoye a ƙasan jakar littattafaina, don kada Baffa ya ji labari.

Sai ranar da rediyo ta ce mutumin ya cika shekara goma, ya miƙa komai ga na bayansa, da jam'iyyar da sojojin, bai riƙe ko igiya ɗaya ba, ya koma gida ya yi shiru. Baba ya kashe rediyon, ya ƙirga da yatsu, ya ga shi shekararsa goma sha ɗaya a kan kujerar mazaɓa. Ya ce ashe har ya zarce da ɗaya.

Babu wanda ya ce ya sauka. Shi da kansa ya kira taro a ƙofar gidanmu, ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Na san abin da ya shirya, domin a gabana ya gwada: zai ce ya sauka, jama'a su ce ba su yarda ba, ya sake faɗa, su sake roƙo, a karo na uku ya ɗaga hannu ya ce haƙuri za su yi, haka manya suke yi a ƙasashen da suka ci gaba.

Ya miƙe ya ce, "Jama'a, na yanke shawarar in sauka."

Sai wani daga baya ya ce, "Allah Ya saka da alheri." Aka amsa da amin mai ƙarfi, har da tafi. Baba ya buɗe baki zai ci gaba, ya waiga, sai ya ga mataimakinsa, wani mai sayar da taki, ya riga ya zauna a kujerar da ya tashi a kai, yana gyara hula. Kujerar kuwa ta gidanmu ce, farar roba, Baba ya saya da kuɗinsa. A tsaye ya ƙarasa jawabin.

Ya yi alkawari a bainar jama'a cewa daga ranar bakinsa ya fita daga siyasa, kamar mutuminsa. Ya bar rini, cikin wata biyu gemun ya fito fari fat, Baffa ya zo ya yi masa jaje wai ya tsufa a dare ɗaya. Shirun ne ya zama aiki. Mutumin da ya saba yanke hukunci a kan komai, daga rabon taki har zuwa wanda zai riƙe tuta, ya koma yana jin ana shirme a ƙofar masallaci yana haɗiye magana har maƙogwaronsa na motsi. Daga baya ya samo dabara. In sabon shugaban ya yi abin da bai gamshe shi ba, sai ya shigo gida ya tsaya a kan awakin Inna.

"Dubi wannan bunsurun. An ba shi gaba, ya kai garke cikin gonar mutane. A ƙasar Sin da tuni an canza shi."

Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "Malam, in da mai taki kake, ga gidansa can. Ka bar mini dabbobi su ci abinci."

Haka aka yi shekaru. Rannan, ranar kasuwar Ajingi, na kai Baba a babur ya sayar da gyaɗa, muka zauna a rumfar wani mai ɗinki muna jiran rana ta yi sanyi. Sai ga Baffa da sauri, waya a hannu, fuskarsa cike da murna irin ta wanda ya tsinci abin tsokana.

"Zo ka ga mutuminka."

Wani babban zauren taro ne, ja ko'ina, manya a jere. Ga mutumin Baba a sahun gaba, gashin nan ya yi fari, jiki ya saki. Wasu ma'aikata biyu suka zo, ɗaya ya kama shi a hannu yana ɗaga shi. Ya yi kamar ba ya son tashi. Ya juya ya ce wani abu da wanda ya gaje shi, ya dafa kafaɗar na kusa, aka fita da shi, sauran suna kallon gabansu.

Baba ya sa aka maimaita sau uku. Baffa ya ce korarsa aka yi a gaban duniya. Na ce hukumarsu ta ce rashin lafiya ce ta taso masa. Mai ɗinki ya ce shi dai bai ga alamar mai son fita ba. Baba ya miƙa wayar ba tare da ya rama tsokanar ba, ya ce mu tafi gida. Baffa da ya ga haka, sai tsokanar ta fita daga ransa, ya raka mu har bakin titi yana ta zancen farashin gyaɗa.

Ba a yi wata biyu ba sai ga takarda daga jam'iyya: za a yi babban taro a Ajingi, ana gayyatar Baba cikin dattawa. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "To, an zo wajen. Abin da aka yi wa mutumina za a yi mini." Inna ta ce ya zauna a gida mana. Ya ce in bai je ba za a ce tsoro ya ji.

A hanya, yana bayana a babur, ya yi ta ba ni umarni. In tsaya inda zai riƙa ganina. Kada in bar kowa ya taɓa masa hannu. In ya ga dama zai tashi da ƙafarsa, in bai ga dama ba ko gwamna ne ya zo ba zai tashi ba.

Aka zaunar da shi a sahun gaba, ƙarƙashin rumfa. An ce ƙarfe goma, ba a fara ba sai bayan azahar. Kafin nan an raba ruwan leda da lemon kwalba, Baba ya sha ruwa biyu da lemo ɗaya saboda zafi. Baba kuwa a shekarunsa ruwa ba ya daɗewa a jikinsa. Wajen jawabi na uku na ga ya fara sauya zama. A na biyar ya harɗe ƙafafu yana jan carbi da sauri. Na sunkuya na ce, "Baba, ko mu zaga baya?"

Ya ce ta gefen baki, "Ka ga yaran can da wayoyi a sama? Ina tashi ka riƙe ni, gobe Baffanka yana yawo da ni a kasuwa."

Ana cikin jawabi na bakwai sai ga samari biyu masu rigar jam'iyya sun nufo shi. Ɗaya ya rusuna ya ce, "Baba, ranka ya daɗe, taso mu je," ya kai hannu ya kama damtsensa.

Baba ya damƙe hannun kujera da hannu biyu. "Ba inda za ni."

"Baba, minti biyu ne kawai."

"Lafiyata ƙalau! Ku shaida, jama'a, lafiyata ƙalau!"

Yaron ya ɗan ja, Baba ya ja, kujerar roba ta ɗaga tare da shi ta dawo. Hularsa ta faɗi. Mai jawabi ya yi shiru, duk wayoyin da yake gudu suka juyo kansa. Sai mai gabatarwa ya yi gyaran murya a lasifika ya ce, dattijon da ake ƙoƙarin kawowa kan dandamali shi ne mutum ɗaya tilo a ƙaramar hukumar nan da ya taɓa sauka daga kujera ba a tura shi ba, kuma jam'iyya ta shirya masa lambar girmamawa. Ya ƙara da cewa, ga alama wannan kujerar ta yau ce bai shirya bari ba.

Wurin ya kece da dariya. Tunda ya ƙi tashi, shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma ya sauko da kansa ya miƙa masa allon katako mai rubutun zinare, aka kawo masa abin magana har bakinsa, aka ce ya yi wa matasa nasiha. Shekara da shekaru yana tara magana a cikinsa, na ce yau sai magariba. Ya karɓa, gumi na zuba a gemunsa, ya ce:

"In lokacin tashi ya yi, mutum ya tashi. Wassalamu alaikum."

Ya miƙe, ya ba ni allon, ya ratsa jama'a da saurin da ban san yana da shi ba, ya nufi bayan makarantar da ke gefen filin. Aka yi ta tafi da kabbara. Na ji wani dattijo yana ce wa na kusa da shi, "Ka ji maganar manya. Ya faɗa, kuma ya aikata nan take."

Da yamma muka kamo hanyar Toranke. An girbe gero, karmami a tsaye a gonaki, shanu na kiwo a ciki. Allon yana tsakanina da shi yana dukan bayana duk inda muka faɗa rami. Da muka yi nisa, sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska.

"Kai, wai shi mutumin nawa yana da 'ya'ya?"

Na ce na ji an ce yana da su, namiji da mace.

"To, da sauƙi." Ya ƙara da cewa, "Da suka fita da shi ta ƙofar nan, ina fata akwai nasa a waje yana jira. Ba daɗi mutum ya fito ya tarar duk ma'aikata ne."

Na ce Allah Ya sa. Ya ce amin, sannan ya ce in rage gudu, yashi ne a gaba, kuma in tsaya wajen mai tsire a mararraba, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba sai ruwa.