Tsuntsayen Atamfar Yaya Hajara

Ni ɗan gidan malamai ne a Batsari. Mahaifina yana karantar da yara a zaurenmu, ni kuwa kaina bai ɗauki karatu ba, sai aka kai ni koyon ɗinki. A nan Allah ya buɗa mani. Kafin in yi aure ina da kekena da shagona, kuma ba yabon kai ba, duk wanda ya sa ɗinkina sai an tambaye shi telansa.

Satata ta farko ban ma ɗauke ta sata ba. Mutum ya kawo yadi biyar, in ga huɗu da rabi sun isa, in yanke sauran in jefa cikin buhu a ƙarƙashin tebur. Da waɗannan ƙyallayen nake yi wa wasu aljihu. Ko yayata Hajara, wadda ta goye ni, ban ƙyale ta ba. Tana aure a wani ƙauye bayan Zakka, ta aiko mani da atamfar sallarta, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, na cire rabona. Har tsiya ta yi mani cewa zanin ya ƙi zagaye ta, ko ita ce ta yi ƙiba ko almakashina ne ke jin yunwa. Muka yi dariya.

Da damina, ranar kasuwa, wani mutum ya shigo shagona da yadi irin na kakin sojoji. Ya ce 'yan sa-kai na ƙauyensu ne za su sa don ɓarayin daji su ji tsoro. Bai yi ciniki ba, abin da na yanka shi ya biya. Da na tambaye shi wane ƙauye, sai ya yi murmushi ya ce, "Maigida, ɗinki muka kawo maka, ba hira ba."

Har yau idan aka tambaye ni ko na san su waye, rasa amsa nake yi. Ba wanda ya faɗa mani. Amma kuma me ya sa na rufe ƙofa ina ɗinkin da rana tsaka? Me ya sa ban faɗa wa matata ba? Zuciyata ta fara magana, na ƙara muryar rediyo. Su ma sai da na cuce su: na ɓoye ragowar yadinsu, na yi masu aljihu da ƙyallayen buhuna.

Mutanen ƙauyen su Hajara suna da dabararsu. Da an ji ƙarar babura da yawa, kowa ya faɗa cikin dawa ya kwanta. Ran nan da hantsi haka suka yi, sai wani ya hango kaki ya ɗaga murya cewa jami'an tsaro ne, a fito. Aka fito. Mijin Hajara, Malam Sani, har da ɗauko ruwa a kwano zai ba baƙi. Shi aka fara harbi. Suka ƙone rumbuna, suka kora shanu, suka tafi da mata, da Hajara a ciki. Dawar da ta ɓoye su ba wanda ya koma ya girbe ta. Da waɗanda suka tsira suka iso Batsari, ni na kai masu tufafi ina tsine wa ɓarayin, kuma wallahi da gaske nake yi. Wannan ma ban gane shi ba.

Bayan wata biyu aka karɓo Hajara daga hannun ɓarayin. Na je gaishe ta, ta juya fuska bango. Mahaifinmu kaɗai ta faɗa wa: wata rana wanda ke gadinsu ya zazzage aljihunsa yana neman ashana, sai ga tsuntsayen atamfarta. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mahaifin namu ya kira ni zaure ya tambaye ni sau ɗaya, na amsa laifina. Ya ɗauki sandarsa ya raka ni wurin 'yan sanda da ƙafarsa.

Shekara huɗu na yi a gidan yari. Can ina ta lissafi: ban riƙe bindiga ba, ban nuna gidan kowa ba, zare da allura kawai. To, wa ya fito da Malam Sani daga cikin dawa? Duk inda na bi da lissafin, kaina yake dawowa.

Da na fito na tarar da Hajara a gidanmu da marayunta huɗu. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta ina kuka ina neman gafara. Ta ce, "Ƙyallen nawa ne, na yafe maka shi. Sauran kau ba nawa ba ne ni kaɗai."

Samari, ku masu keke da masu faci da masu cajin waya, ɓarayin nan ba su da tela a daji, a cikinmu suke nema. Kuma wanda ya saba ɗaukar ƙaramin abin da ba nasa ba, bakinsa ba ya iya yin tambaya. In an kawo maka aikin da sai ka rufe ƙofa, ka ƙi shi, ka sanar da manya. Na tuba, na koma ɗinki, ko zare ya rage sai na naɗe wa mai shi. Ni ke ɗinka wa yaran Hajara kayan salla, kuma ƙaramarsu ta fara tambayata wa ya kashe babansu.