Shinkafar da Inna Ta Ajiye wa Sani

Bazara ce, wadda ta biyo bayan shekarar da aka ba mu mulkin kai, kuma har yau ban sake ganin zafi irin nata ba. Rijiyar unguwarmu a Ɗantutture ta ja baya har sai an ƙulla igiya kan igiya kafin guga ya taɓa ruwa, kaji suna yini baki buɗe a gindin rumbu, mu yara ma sai rana ta yi sanyi muke fita carafke. A wannan bazarar ce ƙyanda ta bi gida-gida. Ta kama ƙanena Sani, yana ɗan shekara uku, ta sake shi, amma ta bar shi kamar sillen kara. Kunu ya ƙi, fura ya ƙi, tuwo kuwa ko kallonsa ba ya yi. Abu ɗaya yake faɗa da 'yar muryarsa, shinkafa. Ya ɗanɗana ta da Sallah, bai manta ba.

A lokacin shinkafa ba abincin kullum ba ce, sai Sallah ko biki. Ana haka aka yi suna a gidan ƙanwar Inna a Kurfi. Da aka zuba wa Inna rabonta na shinkafa, ko loma ba ta kai baki ba, ta juye a 'yar langarta, ta rufe, ta ɗaure da ɗankwali, ta taho da ita a ƙasa cikin ranar nan. Ta iske Sani yana barci, barcin da ya daɗe bai samu ba, sai ta ƙi tashinsa. Ta naɗe langar da zane saboda kiyashi da mage, ta tura ƙarƙashin gado. Babu wanda ya kawo komai a ransa. Mun saba tuwon dawa ya kwana, da safe a yi ɗumame, kowa ya ci ya tafi gona lafiya.

Washegari da hantsi ta ɗora ta a kan garwashi, ta ɗiga man shanu, ƙamshi ya cika gida. Tana shirin ɗauko Sani sai muka ji sallama. Baffa Idi ne, ƙanin Babanmu, ya taso daga Rawayau da jakunansa zai kai dawa Dutsin-Ma. Ɗumamen tuwo ya riga ya ƙare. Baba ya leƙo ya ce mini, "Dije, ki ce wa innarki ta kawo wa baffanki abin taɓawa." Na ga Inna ta tsaya tana kallon langar nan. Mace a wancan zamanin ba ta buɗe baki ta ce wannan na ɗana ne, abin kunya ne a ji. Ta miƙo mini, ta ce a hankali, "Kai masa. Zai rage. Babba ba ya suɗe kwano a gidan da ke da yara."

Baffa na buɗewa ya ɗaga murya daga zaure, don shi abokin wasanta ne, "Amarya, yau har da shinkafa? Ashe kin san mijin gaskiya ya zo!" Inna ta ce, "Ci dai a hankali, kada ka haɗiye mini har da langar." Ni kuma na ɗauki tulu na tafi rijiya. Da na dawo na tarar da Sani ya lallaɓo zaure, yana zaune da langar a cinya, hannunsa a ciki, babu komai. Na yi murna, na ce ya samu ragowarsa.

Baffa ya ce zai jira rana ta yi sauƙi kafin ya kama hanya. Azahar ba ta yi ba muka ji shi a bayan danga yana sheƙa amai. Mutumin da ke ɗora buhu kan jaki shi kaɗai, ga shi durƙushe, gumi na zuba, ya kasa miƙewa. Goggo Mairo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta shigo ta tambayi abin da ya ci. Da aka faɗa mata ta riƙe haɓa. "Tun jiya da safe aka dafa ta, ta yini a rufe, ta kwana a rufe cikin zafin nan? Shinkafa ba tuwon dawa ba ce, 'yata. Idan ta juya, wuta ba ta gyara ta, kuma ba lallai hanci ya ji ba."

Inna ta juyo ta dube ni. "Dije, ina langar?" Na ce na gan ta a hannun Sani. Sai kawai ta zauna a ƙasa, ta ce, "Abin da ya kayar da Idi, ina ga wannan ɗan tsakon?" Babu wanda ya ga ko Sani ya ci, Baba ya fita lokacin, Baffa kuwa ba ya iya magana. Aka ja shi inuwa ana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Inna ta ɗauki Sani ta rungume a tsakar gida, tafin hannunta a kan cikinsa, tana ta addu'a a ƙasa-ƙasa. Ya yi tari mu zabura, ya yi hamma mu zabura. Yinin nan ko tsintsiya ba a taɓa ba.

Sai wajen la'asar Baffa ya buɗe ido sosai. Inna ta matsa kusa, ta ce, "Idi, don Allah, nawa ka rage wa yaron?" Ya kawar da kai, kunya ta kama shi. "Amarya, ki yafe mini. Ko ƙwara ban bari ba. Har ruwa na zuba na ɗauraye na shanye." Sai Inna ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. Goggo Mairo ta ce, "Yau dai haɗama ta yi rana." Baffa daga kwance ya ce, "To a riƙa yi mini godiya mana, ni na ɗaukar masa."

Yanzu shinkafa ta zama ruwan dare, jikokina har yanga suke yi mata. Ina ganin 'ya'yana suna zuba ta a kula tun safe ta kai magariba, sai in ce su ci da zafinta, ko su baza ta ta huce da wuri su sa a firji, in za a ɗumama a yi sau ɗaya, sai ta yi tururi sosai. Sukan ce Mama ta cika tsoro. Ba su ga yinin nan ba, ba su kuma san zamanin da uwa ke tahowa da loma tun daga Kurfi ba ta ci ba.

Washegari da sassafe Inna ta ɗebi gyaɗa a ƙwarya ta tafi gidan wata mai sayar da hatsi, ta musanyo ɗanyar shinkafa cikin tafi biyu. Ta dafa a 'yar tukunya, ta zauna a tsakar gida a gaban kowa, ta ɗora Sani a cinya tana hura masa tana ba shi. Baffa ya ɗago kai daga tabarma ya ce, "Amarya, a rage mini." Ta ce, "Wannan ta ɗana ce." Ranar na fara jin ta faɗi haka, kuma Sani ya cinye tas.