Kawu Manu, Mai Ɗinka wa Mota Rigar Sanyi

Ku da kuka san Kawu Manu kun san ba ya bukatar a gaya masa ɗari ya kusa. Da an gama yankan gero za ka gan shi zaune a gindin tsohuwar bas ɗinsa, da basilla da tsofaffin buhunan taki, yana ɗinka wa mota rigar sanyi. Mota fa, jama'a! Shi kuwa yana cikin wata 'yar shara mai huji a hammata, iska na shiga ta nan tana fita ta can.

Yayan mahaifiyata ne. Ya yi tuƙi tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi har fasinja suka gaji da turi suka daina shiga. Maimakon ya sayar da motar, sai ya cire kujerun, ya sa gado da akwati da buta, ya tare a ciki. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu, babu mai hana shi. Damina yana Gwandu kusa da gonarsa, da ɗari kuma ya lallaɓo da ita Kalgo, ya kafa ta a ƙofar gidanmu. Hajiya yake kiranta. Na taɓa tambayarsa yaushe ta je Makka.

Ya ce, "Ke Kulu, alhazai nawa tak kai hilin jirgi? Ladan da tas samu ya hi naki."

Abin dariya ne, amma ni ba kullum nake dariya ba. Kawu yana da ciwon ƙirji, kuma sanyi ne ke tayar masa da shi. In ya fara tari har cikin gida muke ji. Maigidana ya gyara masa ɗaki a zaure, da katifa da bargo sabo fil. Kowace shekara sai na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Allah ya shigo ɗakin nan kafin ƙarfe ya kashe shi. Kowace shekara sai ya leƙa, ya yaba, ya ce, "Ɗaki ya yi kyau, Allah Shi sa albarka," ya koma motarsa.

Wata shekara ya haɗu da wani malamin jami'a a teburin mai shayi. Mutumin ya yi karatu a ƙasar Turawa, ya ba shi labarin cewa a can ruwa kan daskare a cikin lagireto har ya fasa inji. Shi ke nan, an jawo mini! Kullum da safe na ɗora ruwan zafi don alwalarsa, sai ya karɓa ya yi godiya, ya zagaya ya buɗe gaban mota ya ɗura mata. Shi kuma ya ɗebo na randa, mai sanyi kamar ƙanƙara, ya yi alwala yana karkarwa.

Na ce, "Kawu, don girman Allah, tun da aka kafa Kalgo ka taɓa jin ruwa ya daskare?"

"Jira kike sai ya daskare?"

"To kai fa? Kai ba ka jin sanyin?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ni Allah Yay yi ni, ina da haƙuri. Ita ko Bature yay yi ta."

Sai shekarar harawa. Ya lura buhu kaɗai ba ya tare sanyi, sai ya zo da dabara: ya ɗaure dammunan harawar wake a kan rufin da gefe da gefe, ya bi da zana. Motar ta koma kamar rumbu mai taya. Gaskiya ta yi ɗumi. Abin da ya manta shi ne maƙwabciyarmu Inna Tumba tana da awaki, kuma awakin nan ba su san kunya ba. Ya tafi masallacin Juma'a, kafin ya dawo sun yi walima.

Bai tsaya ko cire hula ba, ya zarce wurin mai unguwa. "Ranka shi daɗe, ƙara nik kawo. An yi ma iyalina tsirara da rana tsaka!"

Mai unguwa ya miƙe yana salati, dattawa suka biyo shi, har da masu sanda. Suka iso suka tarar da bas tsaye, igiyoyi na reto, wani ɗan akuya a kan rufi yana ƙarasa saura.

"Manu, wagga ita ta iyalin?"

"Ina da wata?"

Da aka gama dariya mai unguwa ya ce akuya ba ta san bambancin riga da abinci ba, sai haƙuri. Kawu ya ce bai yarda ba, wanda ya ci sai ya biya. Hukuncin da ya yanke da kansa shi ne awaki biyu su riƙa kwana a cikin motar, su biya da ɗumin jikinsu. Inna Tumba ta ce ta samu garke kyauta. Ni ce na sha wahala, don ni ke wanke kayansa, kuma har bazara suna warin bunsuru.

Wadda ba ta ba ni dariya ba ita ce ta kasko. A shekarar ya bi duk wata kafa ta motar ya toshe, da tsumma da kwali da laka, har ramin da giyar motar ke fitowa. Sannan ya shiga da kaskon gawayi ya rufe ƙofa. Da asuba ba a gan shi a sahu ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Maigidana ya buga, shiru. Ya ɓalle ƙofar, aka jawo Kawu waje jikinsa sharaf, ido a kakkafe. Allah Ya sa da sauran kwana. A asibiti na tsaya a kansa ina kuka ina masifa, na ce daga nan sai ɗaki, ko ya so ko ya ƙi.

Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Kin yi gaskiya, laihina na."

Na ce alhamdu lillahi, yau dai ya ji.

"Na toshe mata hanci. Kowa ka toshe ma hanci ai sai ya rama."

Ranar da aka sallame shi ya kira mai walda, aka huda rufin, aka sa bututu. Ya ce Hajiya ta samu hanci, magana ta ƙare.

Bara Hajiya ba ta iya zuwa da ƙafarta ba, jawo ta aka yi daga Gwandu. Shi ma ya rame ƙwarai. Wata rana da hantsi na kai masa kunu, na same shi da basilla a hannu, yana ta ƙoƙarin huda buhu, basillar ta ƙi shiga. Ban yi faɗa ba. Na zauna kusa da shi na ce, "Kawu, wai me ɗakin nan ya yi maka?"

Ya ɗaga kai ya dubi motar. Sannan ya ce, "Direba in ya kwan bisa taya, da sauran tahiya gobe. In ya kwan inda babu taya, to ya iso."

Ya ajiye basillar a kan buhun, ya ce, "Ɗakin ga naku, har yanzu shina nan?"

Shekara da shekaru ina jiran wannan magana. Ranar da na ji ta, gabana ne ya faɗi. Na ɗauki basillar da sauri na ce, "Bari in taya ka ɗinkin, Kawu, yanzu za mu gama. Ɗaki ai ba gudu zai yi ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ji Kulu! Yau ke ka korata mota?" Ya miƙo mini hannu. "Kama ni mu shiga."

A ɗakin ya ƙarasa, cikin bargon nan da ya ƙi taɓawa tsawon shekaru, kafin ɗarin ya fita.

Allah Ya jiƙan Kawu Manu, Ya yafe masa, Ya yalwata masa makwanci. Allah Ya sauke shi a gidan da babu zafin rana, babu ɗari. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu iso lafiya. Amin.