Na Yanke Ƙafafun Motar Yayana Saboda Motar Da Ba A Ƙera Ba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili a shafin masu karatu, ba don na iya rubutu ba, sai don abin ya daɗe yana cina a rai, kuma a garinmu ba ni da wanda zan zauna in faɗa wa bai taɓe baki ba.

A lokacin da nake magana, ni saurayi ne mai gyaran jikin mota a Gashuwa, irin waɗanda ake ce wa fanal bita. Mota ta yi karo ta lotse kamar gwangwani, a kawo mini in buga, in yi walda, in goge, mai ita ya zo ya rasa inda aka taɓa. Hannuna yana da kyau, kuma na san yana da kyau, to nan ciwon yake. Ba mata, ba ɗa, ba nauyin kowa a kaina, abin da na samu na datar waya ne da shayi. Yayana ne ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ya kama hannuna ya kai ni gareji. Direba ne, yana jigilar bandar kifi da fasinja tsakanin Gashuwa da Nguru da wata tsohuwar wagon mai dogayen ƙafafu, wadda ba ta san yashi ba, ba ta san taɓo ba. A cikin motar nan aka samo abincin da na ci na girma.

A garejinmu akwai majalisa a gindin wata darbejiya, kuma hirarmu ɗaya ce, mota. Ba motocin da muke gyarawa ba, a'a, motocin Amurka masu ƙofa biyu da dogon baki, masu injin silinda takwas, waɗanda in aka tashe su sai ka ji ƙirjinka na rawa. Ba wanda ya taɓa ganin irinsu da idonsa a cikinmu, sai a waya. Sai labari ya bazu cewa wani kamfani zai fito da sabuwa wadda za ta binne duk na baya. Hotunan da ke yawo kuwa na motar ce an lulluɓe ta da wani ƙyalle mai zanen baƙi da fari, an ɗauka daga nesa, ba ka ganin komai sai inuwar jikinta. Wallahi a kan wannan lulluɓaɓɓen abu muka shafe watanni muna musu. Wani ya ce fitilunta zagayayyu ne irin na da, wani ya ce tsaga ce siririya. Wani ya rantse bonet ɗin yana da tozo, wani ya ce ninkin ƙyalle ne kawai. Ni kuwa nakan zuƙo hoton har ya dushe, in nuna musu inda rufin ya gangaro, in ce ni mai bugun ƙarfe ne, ko a cikin buhu aka saka mota na san ƙirarta. Na ce musu za ta zo da faffaɗan ƙugu, da bakin salansa huɗu, kuma cikinta zai kusa shafar ƙasa.

Babban abokin musuna wani mai sayar da kayan mota ne a Nguru, wanda nake sayen fenti a wurinsa. Mutum ne mai baki kamar reza. Kullum sai ya kira ni ya ce ina malamin duba, yau me aljanu suka nuna mini a ƙarƙashin ƙyalle. Ranar da ya ƙure ni ita ce ranar da ya zo garejinmu ya ce a gaban jama'a, surutu ba wuya, in da gaske na san ƙirar motar to in ƙera ta a gani kafin masu ita su buɗe tasu. Majalisa ta ɗauki shewa. Ni kuma jini ya hau mini kai, na ce su ba ni zuwa damina.

A daidai wannan lokaci ne ciwon ƙoda ya kwantar da yayana. Ya ajiye tuƙi ya koma ƙauyenmu da ke cikin fadama, can ciki in ka sauka daga kwalta a hanyar Jajimaji, inda matarsa da tsohuwarmu za su kula da shi. Da kansa ya kawo mini motar, ƙafafunsa a kumbure, ya miƙo mini makulli. Ya ce tsatsa ta fara cin gindin ƙofofi, in cire mata in taɓa fenti, in ajiye ta a wurina cikin shiri. Ya ce likita a Nguru ya gargaɗe shi, duk ranar da fitsari ya ɗauke ko numfashi ya yi wuya, kada a jira komai, a kawo shi wankin ƙoda. Ya ce in damina ta sauka ba motar da ke shiga ƙauyen sai irin tasa, don haka ni da ita ne ƙafarsa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kamar ya ajiye a aljihunsa.

Ban yi niyyar cin amana a rana ɗaya ba, kuma wannan ne abin da nake so masu karatu su gane. Da na kankare tsatsar, sai na tsaya ina kallon dogon bonet ɗinta, na ce a raina ai wannan da ɗan tozo za ta yi kama. Na yi tozon. 'Yan majalisa suka taso suka kewaye ni, wannan ya ce kai gwani, wancan ya ce saura ƙugu. Na faɗaɗa ƙugun. Na liƙe ƙofofin baya da walda na shafe su ta koma mai ƙofa biyu. Na cire kariyar da yake ɗaure kwalayen kifi, na sare bayan rufin na gangaro da shi. Duk sabon hoton da ya fito sai in sake wani abu, har fitilu na canza mata na kuma sake canzawa, don wani ya ce ya hango haske zagayayye ta cikin ƙyallen. Daga ƙarshe ta tsaya a gabana da jan fenti da baƙin layi a tsakiya, amma tana tsaye ƙerere a kan dogayen ƙafafunta kamar raƙumi ya sa kwat. Abokina na Nguru ya ga hoton ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ai balbela na ƙera. A ranar na ciro sifirin ɗin da ke ɗaga jikinta sama duka na yanke su da abin yankan ƙarfe, na ƙera mata bamba mai leɓe har ƙasa. Maigidana a gareji, dattijo ne, ya tsaya a kaina ya ce in ji tsoron Allah, motar mara lafiya ce. Na ce masa aikin yini ɗaya ne in mayar da ita yadda take. Ƙarya nake yi, guntayen sifirin ɗin ma a ranar 'yan gwangwan suka kwashe su.

Duk lokacin da yayana ya kira ya tambayi motar, sai in ce fenti bai bushe ba, ko in ce ina jiran wani abu daga Kano. Ranakun ganin likita kuwa sai in haɗa shi da wani mai a-kori-kura, in ce ba na so ƙura ta ɓata sabon fenti. Sai ya yi dariya ya sa mini albarka, ya ce ƙanensa ya fi shi son motar. Ni kuma da yamma in zaga da ita cikin gari a kan kwalta, salansa na ruri, samari na ɗaga mini hannu. Na zama wani abu a Gashuwa, a kan motar da ba tawa ba, ina kwaikwayon motar da ba wanda ya gani.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, matar yayana ta kira ni. Ta ce tun jiya bai yi fitsari ba, fuskarsa ta kumbura, numfashi sai da ƙyar, in taho da motar yanzu-yanzu. Edita, nan ne wurin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba. Da na faɗa mata gaskiya, na ruga tasha na roƙi mai a-kori-kura ko nawa zai ce, da mun isa. Amma faɗar gaskiya na nufin asirina ya tonu. Sai na ce wa kaina ai injin shi ne dai, kuma motar ta san hanya. Na shiga na tayar.

A kan kwalta ta yi gudu kamar me. Ina sauka kan hanyar ƙauye bambar ta fara shara, kafin in yi nisa ta ɓalle. Wanda ya san hanyoyin fadama ya san yadda tayoyin manyan motoci da amalanke ke tona rami biyu su bar tudu a tsakiya. A da motar nan tsallake tudun take yi ko a jikinta. Ranar kuwa na ji ƙarfe ya daki ƙasa, salansa ta tsinke, ta hau tudun ta zauna daram da cikinta, tayoyi na juyawa a banza suna watsa taɓo. Na leƙa ƙasa na ga baƙin mai yana malala cikin ruwa. Ina hango kukokin ƙauyenmu daga inda nake. Na tona da hannu, na tura, na zagi motar, na zagi kaina, sannan na bar ta na ruga da ƙafa.

A amalanken shanu muka ɗora shi, a kan katifa, matarsa ta tallafe kansa, ni ina tafe a gefe. Ba wanda ya tambaye ni komai, sun ɗauka ruwa ne ya sa na ajiye motar a bakin kwalta. Da muka iso inda jar motar ta toshe hanya, sai mai amalanke ya ratse ta cikin gona. Yayana ya ɗago kai da ƙyar ya dube ta. Ya tambaya wane bawan Allah ne ya shigo fadama da irin wannan, ko ba shi da mai ba shi shawara. Sannan ya juyo gare ni, yana magana yana haki, ya ce in mun isa inda na ajiye tasa, in na kai shi asibiti, in dawo da igiya in ja mutumin nan, kada a bar shi cikin taɓo, tasa za ta iya. Amalanken ya gota ta, idonsa ya sauka a kan lambar da ke bayanta, abu ɗaya da ban taɓa ba. Na ga leɓensa yana karantawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da kansa kan cinyar matarsa ya rufe ido.

Rana ta yi sama sosai kafin shanu su kai mu kwalta, muka kuma tsaya jiran motar da za ta yarda ta ɗauki mara lafiya. Sai bayan la'asar muka shiga Nguru. Ma'aikatan asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, ɗaya daga cikinsu ya tambaye mu me ya sa muka zauna da shi har ya kai haka, matarsa ta dube ni ta sunkuyar da kai. Ya yi 'yan kwanaki, yakan farfaɗo ya yi magana da ita, ya yi da tsohuwarmu. Ni in na matso sai ya amsa sallamata ya juya fuska bango. Bai zage ni ba, bai tambaye ni dalili ba, kuma wallahi da ya tashi ya kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi. A haka Allah ya karɓi abinsa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, na kuma yi imani. Amma ajali daban, amana daban, kuma ni aka ba wa amanar.

'Yan majalisar da suka yi ta kai gwani, kai gwani, su ne suka fara cewa dama sun san abin ba zai ƙare da kyau ba. Ko mutum ɗaya bai bi ni janyo motar daga taɓo ba, sai dattijon maigidana da na ƙi jin maganarsa. Ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba kamfanin ya yaye ƙyallen. Abokina na Nguru, da ko gaisuwar kirki bai yi mini ba, shi ya turo mini hoton, ya rubuta cewa malamin duba ya sha ƙasa. Motar ba tozo, ba faffaɗan ƙugu, ba salansa ko ɗaya balle huɗu, don da batir ma take aiki. Ba ta yi kama da abin da na ƙera ba ko ta ina. Na zauna ina kallon hoton ina tambayar kaina, ashe a kan wannan na sayar da yayana.

Abin da na koya na koye shi da tsada, kuma ba ni na biya ba. Mai zuga ba ya taya ka ɗaukar gawa. Ina kira ga matasa 'yan'uwana, musamman masu sana'ar hannu, ku yi hirar motocinku, ku yi musun abin da Turawa za su ƙera, ba laifi ba ne, amma ku bar shi a gindin bishiya inda kuka same shi. Abin da aka ƙera don titin wata ƙasa ba ya san hanyar gidanku. Kayan da aka kawo muku gyara kuwa ku yi abin da mai shi ya ce ku tsaya nan, don ba ku san ranar da ransa zai rataya a kansa ba. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun ana iya gyarawa, kunyar yini ɗaya ba ta kashe kowa.

Na je har ƙauye na ce wa matar yayana zan nemo sifirin in mayar da motar yadda take, ko marayunsa sa amfana. Ta ce in riƙe, ba ta son ta sake ganinta. Tana nan a bayan garejinmu, kullum sai na wuce ta kafin in ɗauki guduma. Abu na farko da yayana ya roƙe ni shi ne in cire mata tsatsa. Yau tsatsar ta cinye ta har rufi.