Dakusasshiyar Wuƙar Baffa

Ko a ina na ji ana wasa wuƙa a kan dutse, sai na tsaya da abin da nake yi. Ba da son raina ba, jikina ne ke ƙin motsi. Mijina yana tsokanata, wai 'yar mahauci guda da tsoron wuƙa. Ba tsoro ba ne. Bari in gaya maka abin da ƙarar nan take tuno mini, sai ka faɗi sunan da za a ba shi.

A Bangi aka haife ni, can Afirka ta Tsakiya. Babana ɗan Mubi ne, ya bi fataken shanu tun yana saurayi, ya zauna a can, ya auri Innata, ya zama mahaucin da ake layi a gaban teburinsa. Mu biyu suka haifa, Yayana da ni. Da faɗa ya ɓarke, ana bin mutane gida-gida, mu huɗu muka hau babbar mota. Mu uku muka sauka a Kamaru. Da zaman sansanin 'yan gudun hijira ya ishi Baba, sai ya ce mu tashi mu tafi gida.

Gidan kuwa na Baffa ne, wan Babana, a unguwar Lokuwa cikin Mubi, inda Kaka, mahaifiyarsu, take zaune. Aka kwashe buhunan masara daga wani ɗaki kusa da turken awaki, aka ba mu. Lokacin mutanen Mubi ba su daɗe da dawowa daga nasu gudun ba, ƙofofin shaguna duk hudar harsashi. Kowa cikinsa cike yake da labarinsa, ba mai wurin ajiye namu. Da Kaka ta tambaya ina jikanta namiji, Baba ya ce Allah ya yi masa rasuwa a hanya. Aka yi addu'a aka shafa, ba a sake tayar da zancen ba.

Zaman ya fara da wuya. Ni da yaren Sango na zo, da ɗan Faransancin makaranta, Hausata kuwa abin tausayi. Ina buɗe baki yaran gidan su kwashe da dariya, wai 'yar Bangi, su da ke ce wa mace “ya zo”! Na yi dambe a bakin rijiya har na gaji da yi. Inna ma ta sha nata. Tuwon rogo ta sani da dakakken ganyensa, ba ta taɓa tuƙa na masara ba. Ranar girkinta na farko tuwon ya fito duk gudaji, ba wanda ya iya haɗiye shi sai akuya. Kaka ba ta yi faɗa ba. Washegari ta ɗora hannunta a kan na Inna a jikin muciya, suna tuƙawa tare, ba mai jin yaren wata. Kafin ruwan farko ya sauka Inna ta iya tuwo da miyar yakuwa, ni kuma na iya zagi da Hausa har da Fillanci.

Baba ne ya kasa zama. Baffa ya yi masa hanya a mayanka, ya tafi da sassafe, kafin hantsi ya dawo bai yanka komai ba. Nama ko a miya ba ya ci. Wuni yake a gindin darbejiyar ƙofar gida yana kallon masu keke suna wucewa. Baffa ba mugu ba ne, kada ka ɗauka haka, amma bakinsa ba linzami, ga shi hatsin da yake sayarwa ne ke ciyar da gidan duka. Kullum sai ya maimaita cewa su ma sun gudu, sun kwana a kan duwatsu, sun dawo sun buɗe shago, ko gudun Baba na zinariya ne? Da damina ta yi nisa ya yanke magana: in Babbar Sallah ta wuce Baba bai koma sana'arsa ba, mu nemi wani wuri, shi ba zai ciyar da ƙato mai lafiya ba. Mu kuwa ba mu da wani wurin a duk faɗin ƙasar nan. Na ga Inna tana jin haka ta ɗaure tsummokaranmu ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar Sallah an kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo. Da aka sauko daga Idi aka haƙa rami, aka jawo ragon layya, fari ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho. Baffa ya miƙa wa Baba wuƙa a gaban kowa. Baba ya karɓa, ya shafa bakinta da babban yatsa, ya mayar masa.

“Yaya, wannan ba ta da kaifi.”

Baffa ya yi dariya, ya ce ai raggon namiji ba ya rasa dalili. Ya sa 'ya'yansa suka kayar da ragon, ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa. Wuƙar kuwa da gaske ta dakushe. Ya ja, ba ta shiga ba. Ya sake ja, yana gurzawa kamar mai yankan itace. Ragon ya yi wani irin kuka, ya fizge, ya miƙe da wuyansa a buɗe. Ya zaga tsakar gida a guje, jini yana feshi a kan kayan Sallarmu, ya ture tukunyar miya, ya bugi bango ya faɗi. Baffa ya bi shi ya danne, ya ci gaba da gurzawa.

Sai Baba ya yi wata ƙara wadda sau ɗaya tak na taɓa jin irinta daga bakinsa. Kafin a ankara ya ɗaga Baffa ya maka da ƙasa. Ya hau ruwan cikinsa yana naushi, ya kama kansa ya buga da turmi, yana ihu da Sango. Haƙoran Baffa na gaba suka zube a taɓo. Maƙwabta suka shigo suka riƙe Baba, ya watsar da su kamar buhunan ƙaiƙayi. Can hannunsa ya faɗa kan wuƙar. Mata suka sa salati, Inna ta durƙushe, ni kuwa na tabbata yau Baffa ya mutu.

Baba ya miƙe, ya tsallake Baffa, ya nufi dutsen da ke bakin rijiya. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe a kan dutse da shure-shuren ragon. Ya dawo ya dafa kan dabbar a hankali, ya yi bisimilla, ya ja sau ɗaya. Ragon ya huta. Baba ya jefar da wuƙar, ya zauna daɓas a cikin taɓo da jini, yana kuka kamar yaro.

Baffa ya tashi bakinsa yana zubar da jini, ya rantse ba za mu kwana a gidansa ba. Inna ta shiga ɗaki ta jawo ƙunshinmu. Ban ga laifinsa ba a lokacin, mutum ya ciyar da kai ka zubar masa da haƙora ranar Sallah?

Kaka ce ta kira ni. Ta riƙe hannuna, ta ce, “Ke kina jin yarensu. Me ubanki yake faɗa da yana dukan ɗan'uwansa?”

Na ce cewa yake yi, ku sake shi, yaro ne.

Ta ce wane yaro? Sai na faɗa mata, a gaban kowa. A cikin daji aka tare motarmu. Mutane masu adduna suka hau, suka nuna Yayana don ya fi sauran yara tsayi, suka ja shi ƙasa. Mazan cikin motar suka danne Baba suka toshe masa baki, don in ya diro duk an gama da mu. Inna ta cusa kaina a cinyarta, amma na gani ta tsakanin katakon motar. Addar ta gona ce, ta yi tsatsa, ba ta da kaifi. Abin ya daɗe. Yayana yana ta kiran Baba har muryarsa ta ƙare. Da karyayyiyar Hausata na faɗi wannan duka, ranar ba wanda ya yi mini dariya.

Kaka ta tashi da sandarta, ta karɓe ƙunshin daga hannun Inna, ta kwance shi da kanta. “Ni na haifi mai gidan nan,” in ji ta. “Wanda zai fitar da su, ya fara fitar da ni.”

Baffa ya shige ɗakinsa, mu kuma muka ci gaba da zama a gidan. Shekara ta zagayo ko gaisuwa ba ta haɗa shi da Baba. Baba ya sami gona a Sahuda, yana noman masara, ya shuka wa Inna rogo a gefe don ta riƙa dakan ganyenta. Ana jajiberin Sallah ta gaba, sai ga Baffa ya zo gindin darbejiya ya ajiye wuƙa a gabansa. Bai ce ya yanka ba.

“Wasa mini,” ya ce.

Tun daga nan unguwar ta gane hanya. Baba bai ƙara yanka ko kaza ba, amma duk Sallah wuƙaƙen maƙwabta a gabansa suke kwana, kuma ba ya mayar da ko ɗaya sai ya gwada ta a gashin hannunsa. Yanzu masu zuwa sun ragu. Samari na yawo da injin washi, minti kaɗan an gama, wasu ma sabuwa suke saya su yi ta fama da dabba. Kaka ta rasu, darbejiyar ma an sare ta an yi shago.

Bara na koma gidan Baffa na haihu, namiji, aka ce sunan Yayana za a sa masa. Ranar suna liman ya iso, rago yana ɗaure, mutane sun cika ƙofar gida, Baba kuwa yana bakin rijiya yana wasa wuƙa. Ta yi kaifi tun tuni, ya ƙi dainawa. Aka fara ƙananan maganganu, wani ya ce a je a karɓo ta, rana tana yi. Baffa ya ɗaga hannu ya ce a bar shi. Ya ɗauki buta, ya taka a hankali da giɓinsa da furfurarsa, ya tsuguna kusa da ƙaninsa yana zuba masa ruwa a kan dutsen.