Rubutun da Ya Kusa Kashe Yayana

Ko yaushe na ga rubutu mai kauri da ya karkata gaba a jikin bango, sai gabana ya faɗi. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da dalili ba.

Yayana ya yi hatsarin babur, daga nan ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Lafiyayye ne a ido, amma idan ya yi nisa ba ya gane hanyar gida. Wata safiya ya fita daga gidanmu a Badarawa bai dawo ba. Da neman ya ƙi ƙarewa, ni da kawunmu muka ɗauki hotonsa zuwa wani shagon buga takardu a Hayin Banki.

Mai shagon ya yi ta nuna mana samfurin rubutu a kwamfuta, Kawu yana girgiza kai. Shi dama komai nasa sai babba, har hularsa. Can aka zo kan wasu haruffa ƙarti, miƙaƙƙu babu ƙawa ko lanƙwasa a bakinsu, duk sun kwanta gefe guda kamar masu shirin gudu.

"Yauwa, wannan!" in ji Kawu.

Mai shagon ya ce, "Alhaji ka iya zaɓe. Wannan rubutu ihu yake yi, ko a kan babur mutum yake sai ya gan shi."

Aka buga CIGIYA da ja a saman hoton, bayani da lambar wayata a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Matasan unguwa suka bi gari suna mannawa.

Washegari da hantsi wani ya kira ni. "Hajiya, ku zo Rigasa, mutuminku yana hannu." Har guɗa na yi.

Da muka isa, cincirindon mutane muka tarar. Na kutsa, sai ga Yaya zaune a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya, riga a yage, jini na zuba daga bakinsa. Wani ƙato yana tsaye a kansa da gora. Da Yaya ya gan ni sai ya yi murmushi, ya ce, "Auta, kin zo?"

Na ɗaga kai, a bangon da ke bayansa ga takardarmu, kusa da ita ga wasu na 'yan sintirin unguwar, masu hotunan waɗanda ake zargi da kai wa masu garkuwa rahoto. Rubutu iri ɗaya sak, jan ma iri ɗaya.

Na fasa ihu, "Ku karanta mana! Don girman Allah ku karanta!"

Wani dattijo ya matsa ya karanta da ƙarfi. Mai gorar ya sauke ta, ya ce:

"Wallahi Hajiya, mu da mun ga irin rubutun nan, mun san na miyagu ne. Wa ya tsaya karatu?"

Kawu ne ya kwance igiyar, yana kuka kamar yaro.

Raunukan sun warke, amma har yau idan Yaya ya ji hayaniya a waje sai ya mayar da hannuwansa baya, ya zauna a ƙasa. Ranar na gane cewa kamannin rubutu na riga ma'anarsa isa zuciyar mutane, kuma taro ba ya jiran a kai ƙarshen layi.