Jan Allo a Bakin Rijiyar Sunusi

Shekara ashirin da biyu Sunusi ya yi a mayankar Oko-Oba, bai taɓa riƙe wuƙa ba. Aikinsa gwangwanin fenti ne. Da an gama cinikin sa, sai ya shafa masa ja a gadon baya, kowa ya san wannan ya yi mai shi, a ɗauke ido. Mutum ne mai zargin tsiya. Ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya dafe aljihu. Shekara shida ina haya a gidansa na Abule Egba, ban taɓa jin ya ce "na yarda" ba.

Gidan nan, ɗaki huɗu da rijiya a bakin ƙofa, shi ne duk abin da ya tara a Legas. A gefen rijiyar matarsa Iyatu take suyar ƙosai kullum da safe.

Shekara guda da dawowar mulkin farar hula, wasu mutane suka zo a farar mota. Suka ɗebi ruwan rijiyar a kwalba, suka kafa jan allo mai rubutun boko, suka tafi. Sunusi ya dawo aiki ya gani, ya tsaya ƙiƙam.

"An sayar da mu," ya ce.

Murtala, wani ɗan hayan, haifaffen Agege, ya karanta masa. "Oga, danger aka rubuta fa, wato haɗari. Wai bututun mai ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, fetur na tsatsowa cikin rijiyoyi. Kada a kawo wuta kusa."

"Ni za ka koya wa ja? Da shi nake cin abinci! Ashe kai ma da bakinka a ciki."

Ruwan kuwa ya fara wari. Sunusi ya ce masu neman filin ne suka zuba kananzir don mu gudu. Gaskiya ni ma na ɗan yarda, don a lokacin jan fenti a bango rusau yake kawowa. Ya tumɓuke allon, ya ce wa Iyatu kada ta matsar da kaskonta ko taku ɗaya, in ta matsa sun ci mu.

Kwana tara da haka, ranar wata Talata, Iyatu tana hura wuta aka buɗe murfin rijiyar, sai wuta ta tashi daga ciki. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Ta rayu, amma hannunta na dama ya ƙandare, ba ta sake riƙe matsami ba. Gidan kuma babu wanda ya zo karɓa. Haushinsa nake ji, ina jin nawa, don ina tsaye ya cire allon ban hana shi ba.

Sunusi ya toshe rijiyar da siminti, ya kawo gwangwaninsa ya shafe ta da ja tun daga sama har ƙasa, don kada wani ya kusance ta. Washegari Baballe, abokinsa dillalin shanu, ya zo duba Iyatu. Ya tsaya a ƙofa yana kallon fentin.

"Ikon Allah. Malam Sunusi, wa ya saya?"

Sunusi ya juya wajen Iyatu da ke zaune a bakin ɗaki. Ya kalli hannunta, ya sunkuyar da kai.